Mai Hannu Takwas a Firizar Mulikatu

Tema, 18 ga Yuni, 2023

Zuwa ga Yaya Mulikatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da kasuwa, da mutanen Dabokpa baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na ga saƙonnin murya huɗu da kika turo mini a waya. Ɗaya ma ya kai minti bakwai. Amma kin san tun da sanƙarau ya tafi da kunnuwana babu abin da ke shiga, kuma ba na son in ba baƙo ya saurara mini maganar gidanmu. Tunda rubutun waya yana sa miki ciwon ido, mu koma takarda. Iddrisu, direban motar sanyi da ke kai miki kifi, ya yarda zai riƙa ɗaukar mana.

Tare da wannan takarda akwai kwali ɗaya wanda ba ya cikin odarki. Kyautar Sallah ce. Na san idan an tambaye ki aikin ƙanenki kikan ce "yana auna kifi a Tema". To, ga abin da nake aunawa shekara shida ke nan. Sunansa oktopus. A nan manyan otal ne ke sayensa. Ki dafa shi da albasa kamar awa ɗaya, sannan ki soya. Kada kamanninsa su ba ki tsoro.

Allah ya nuna mana Sallah lafiya.

Ƙanenki,
Abdul-Rauf

Dabokpa, Tamale, 25 ga Yuni

Rauf,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce, amma raina a ɓace yake.

Shekara goma sha ɗaya ba ka tako Tamale ba, da ka tashi tunawa da ni sai ka aiko mini da masifa a kwali. Ban karanta takardarka da farko ba, wa ke karatu ranar saukar kaya? Shago cike yake da mata, kowa na son kifin Sallah. Na sa wuƙa na yanke tef ina tsammanin kifi ne. Ƙanƙarar ta ɗan saki a hanya, sai wani abu kamar maciji mai ƙuraje ya zamo ta bakin kwalin yana lilo. Na ɗaga leda, ga kai kamar buhu, ga ido biyu suna kallona.

Hawwa'u mai wake da shinkafa, wadda muka yi shekara tara tana sayen kifi a wurina, ita ta fara ihu. Ta ce, "Inna lillahi! Mulikatu, mene ne wannan kike ajiyewa a firiza?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba."

Ta ce, "Ba ki sani ba, ko dai ba za ki faɗa ba?"

Kafin in rufe kwalin wata ta riga ta ɗauki hoto. Zuwa la'asar hoton ya kai Sakasaka, ya kai Kasalgu. Suna cewa sika duro ne, wai maganin kuɗi, wai shi nake ciyarwa yana jawo mini masu saye. Jiya mutum uku ne kawai suka shigo, biyu daga ciki kallo suka zo yi.

Na karanta takardarka daga baya. Wai kada kamanninsa su ba ni tsoro. Kai da ka tashi a garin nan, ka manta yadda muke ne? Ban zubar da shi ba, don idan aka gan ni ina zubarwa za a ce ɓoyewa nake. Yana can ƙasan firiza. Ka gaya mini ko mene ne wannan abu, da Hausar da zan iya maimaitawa.

Yayarka,
Mulikatu

Tema, 2 ga Yuli

Yaya Mulikatu,

Assalamu alaikum, da barka da Sallah, ko da yake na san na ɓata miki ita. Na karanta takardarki sau uku. Ki yafe mini. Na daɗe ina kallon wannan dabba har na manta yadda take a idon wanda bai taɓa ganinta ba.

Ga abin da za ki faɗa musu. Ba maciji ba ne, ba kifi ba ne, ba kuma aljani ba. Danginsa su ne dodon koɗi, irin wanda mutanen kudu ke sayarwa a bakin hanyar Kumasi. Shi dai ya rasa ƙoƙon baya ne kawai. Ba shi da ƙashi ko ɗaya. Abu mai tauri a jikinsa bakinsa ne, kamar na aku, yana ɓoye a tsakiyar hannuwan. Duk ramin da bakin nan ya shiga, jikin ma zai shiga. Hannuwan takwas ne, abin da kika kira ƙuraje kuma da su yake manne wa dutse, da su yake jin ɗanɗanon abin da ya taɓa. Zuciyarsa uku, jininsa shuɗi. Idan ya tsorata sai ya fesa baƙin ruwa kamar tawada ya gudu, ko ya sauya launi ya zama kamar dutsen da yake kai.

Irinsu sun kai ɗari uku a duniya. Akwai wanda bai fi ɗan yatsa ba, akwai wanda ya fi mutum tsawo. Kowane teku yana da nasa, na zafi da na sanyi, amma ba sa zama a ruwan daɗi. Shi ya sa ba wanda ya taɓa fito da shi daga Volta ko dam, shi ya sa mutanenmu ba su san shi ba.

Aikina shi ne in auna kowanne, in duba namiji ne ko mace, in yanki ɗan nama in sa a kwalba. A da ana cewa namu na nan da na tekun Turai da na Japan duk iri ɗaya ne. Yanzu an gano cewa kama kawai suke yi, wasu daban suke. Muna son mu san namu ina ya faɗa. Naman kwalbar ake aikawa a duba.

Na zana miki shi a bayan takardar nan, da sunan kowane sashe. Ki nuna wa Afa Mashudu, limamin layinku. Ina jin idan ya yi magana za a saurara.

Allah ya sanyaya miki.

Ƙanenki,
Abdul-Rauf

Dabokpa, 16 ga Yuli

Rauf,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Ni dai ga ni nan.

Na yi yadda ka ce. Afa Mashudu ya zo da kansa, ya sa gilashi, ya karanta takardarka, ya leƙa firiza ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Allah mai halitta. A mazhabarmu duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, babu jayayya."

Na ce, "To Afa, in dafa ka ɗanɗana a gaban mutane?"

Sai ya cire gilashin yana gogewa. Ya ce, "Hajiya, hukunci na faɗa miki. Cikina kuma ban da iko da shi."

Ya dai cika alkawari, ya yi bayani a masallaci bayan la'asar. Maza suka gyaɗa kai. Amma maza ba su ne ke sayen kifi ba.

Ranar Talata na kasa haƙuri na je wurin Hawwa'u, na same ta tana wanke tukunya. Na nuna mata zanenka. Na ce dangin dodon koɗi ne, ƙanena ne ya aiko, ga hannunsa. Ko kallon takardar ba ta yi ba. Ta ce, "Mulikatu, bari in gaya miki tunda ba wanda zai gaya miki. Ba yau aka fara ba. Tun da Sayibu ya rasu, shekara ba ta zagayo ba kika sayi firiza ta biyu, ake cewa da mijinki kika biya. Abin kwalin nan kawai ya sa an daina raɗa."

Rauf, ni na yi jinyar Sayibu wata bakwai. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi. Firizar nan filinsa na Kasalgu na sayar na saya, don kada in zauna ina roƙon dangi. Shekara huɗu matan nan suna shigowa, muna dariya, ina ƙara musu kan kifi, ashe da wannan a ransu.

Yanzu ina buɗe shago da safe in zauna. Ba abin da nake ji sai ƙugin firiza. Masu yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, da ke tsayawa a inuwar rumfata sun koma gaba. Na fara gane muryar kowace firiza daban, ka ga inda zaman kaɗaici ya kai ni.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka zo. Tsofaffin unguwa sun san ka, sun san Baba. Ka tsaya a ƙofar shago ka ɗaga abin nan da hannunka, ka ce kai ka aiko, ka ce aikinka ne. Takarda ba ta da fuska. Ban taɓa roƙonka komai ba.

Yayarka,
Mulikatu

Tema, 23 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Maganar Hawwa'u ta hana ni cin abinci ranar da na karanta. Allah ya ji ƙan Sayibu, Allah kuma ya sani.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba tare da kin ji haushi ba. Ba zan iya zuwa yanzu ba.

Kafin a rufe teku don hutun kamun kifi a ƙarshen Yuni, wani masunci ya kawo mana macen oktopus da rai a cikin tulu. Na sa ta a tankin gilashi a bayan ofis. Ashe ta riga ta haɗu da namiji. Shi namiji da hannunsa na uku na dama yake miƙa mata iri, ta ajiye har lokacin da ta shirya, shi kuma ba ya daɗewa bayan nan. Ranar tara ga wata na leƙa tulun na ga ƙwai suna rataye a sama, zare-zare, farare, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sun fi dubu ɗari. Tun da aka buɗe ofishin nan ba a taɓa samun wadda ta yi ƙwai a hannunmu ba.

Tun ranar ba ta fito ba. Tana shafa su da hannuwa, tana hura musu ruwa don kada datti ya zauna. Na ba ta ƙaguwa ta ture. Haka suke yi. Ruwan ya yi sanyi a wannan lokaci, zai kai sati biyar ko shida kafin su ƙyanƙyashe. Injin iska na tankin tsoho ne, idan aka ɗauke wuta dole wani ya tada janareta kafin minti ashirin. Sauran ma'aikata suna da iyali, ni ne ke zaune a ɗakin da ke jikin ofis. Idan na tafi, ba na jin za su kai.

Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar, gara in faɗa. Kin tuna sadakar bakwai ta Inna? Na miƙe zan gode wa jama'a. Ba na jin muryata, ban san yadda take fita ba. Ina cikin magana na ga mata suna rufe baki da mayafi, na ga Kawu ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Na gama na zauna, ba wanda ya gaya mini abin da ya faru, har yau. Washegari na shiga mota. Kina so in tsaya a ƙofar shagonki in yi magana da wannan murya. Ina tsoron in ƙara miki abin faɗa.

Ki ba ni zuwa ƙarshen Agusta.

Ƙanenki,
Abdul-Rauf

Dabokpa, 6 ga Agusta

Abdul-Rauf,

Na amsa sallama.

Na gane. Dabba tana da mai tada mata janareta. Ba zan ƙara cewa komai a kan wannan ba.

Maganar sadakar Inna kuwa, tunda ba wanda ya gaya maka, ni zan gaya maka. Muryarka ta yi ƙarfi, ta hau ta sauka, gaskiya ne. Amma ba dariya matan suke yi ba. Ka ce, "Inna ce kaɗai ke juyo da fuskarta idan za ta yi mini magana." Kuka suke yi, Kawu kuma kunya ce ta kama shi. Ni ma ta kama ni. Da na san abin da ka ɗauka ke nan da na bi ka tasha. Na ɗauka gajiya ka yi da mu.

Ranar Juma'a na yi abin da Afa ya ƙi. Na ciro ɗaya, na wanke, na dafa da albasa yadda ka ce. Da ya ji wuta sai hannuwan suka nannaɗe, ya koma ja. Na soya, na zuba shito, yajin nan namu mai mai, na fito da benci bakin hanya daidai lokacin da ake saukowa daga masallaci. Na zauna na ci. Duk wanda ya wuce na ce masa bismillah. Na faɗa ya fi sau goma. Wasu suka tsallaka ɗaya gefen hanya, wasu suka tsaya daga nesa suna jira su ga ko zan faɗi. Na cinye tas, na suɗe hannu. Yana da daɗi, kamar ƙundun kaza amma ya fi laushi. Na juya in gaya wa wani haka, babu kowa.

Da yamma sabon labari ya fita, wai yanzu na ci abin, ya shiga jikina.

Samiha ta kira daga Kumasi. Ka san ita kaɗai ce 'yar da Allah ya bar mini, kuma cikinta ya tsufa, wata mai zuwa ake sa rai. Na riga na ɗinka kayan jariri. Ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce surukarta ta ga hoton. Ta ce, "Mma, ki ɗan dakata tukuna, idan abin ya lafa zan kira ki." Na ce to. Me zan ce?

Na kashe firiza ɗaya, babu abin sawa a ciki. Iddrisu yanzu don takardarka kawai yake tsayawa.

Zanenka yana manne a bango, ina kallonsa tunda ba aikin yi. Ita wannan taka, har yanzu ba ta ci komai ba? Sati huɗu fa ke nan. Ka gwada mata wani abin mana, wataƙila ƙaguwar ce ba ta so.

Mulikatu

Tema, 27 ga Agusta

Yaya Mulikatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki yafe mini shirun sati uku. Na fara takarda sau da yawa ina yagewa.

Abin da kika faɗa game da sadakar Inna, ban san inda zan ajiye shi ba. Shekara goma sha ɗaya ina ganin mayafan nan a idona. Yanzu sai in zauna in sake kallonsu, in ga ashe haka ne, idanunsu jajaye ne.

Kin tambayi labarinta. Na gwada mata jatan lande, na gwada kifi, ta ƙi. Ba rashin so ba ne, idan suka yi ƙwai jikinsu ne ke rufe wa abinci ƙofa. Duk rayuwarsu ba ta wuce shekara ɗaya zuwa biyu, sau ɗaya suke haihuwa. Ta rame, launinta ya koɗe ya zama kamar toka. Ranar sha huɗu ga wata da hantsi ƙwan suka fara fashewa. Yaya, da kin gani. Tankin ya cika da su kamar an watsa gero a ruwa, kowanne da ido biyu baƙaƙe da hannuwa takwas ƙanana, suna tsalle sama-sama. Na ɗaga ɗaya a cokali ya sauya launi a gabana. Na fita da gudu in kira wani, sai na tuna ranar taro ce, duk sun tafi Accra. Na dawo na tsaya ni kaɗai.

Bayan kwana uku ta fito daga tulun ta kwanta a kusurwa. Washegari na same ta ta mutu, na auna ta, na yanki nama na sa a kwalba, na rubuta lamba.

'Ya'yan a teku suke yawo a saman ruwa wata ɗaya ko biyu, suna cin ƙananan halittun da ba mu da su a nan. Na san da wuya su rayu a tanki, littattafai sun faɗa, amma na sa rai. Kullum ina kwashe matattu da rariya. A rana ta tara babu ko ɗaya. Na rubuta rahoto shafi shida, shugabarmu ta ce an gode. Sakamakon kwalaben kuma sai baɗi, in an samu. Na wanke tankin na kife.

Wannan na zaɓa a kan zuwa wurinki.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara biyu da suka wuce na zo Tamale. Na sauka a tasha, na taka har Dabokpa, na tsaya wurin mai facin taya da ke kallon shagonki. Na gan ki a tsakiyar mata, kina dariya, bakuna suna ta motsi. Na ce a raina wannan ba ta rasa kowa ba, in na shiga sai dai in tsayar da hira. Na yi kusan awa ɗaya, sannan na koma tasha. Da na san irin dariyar da ake yi da ke, da na tsallaka.

Na nemi hutu an ba ni sati biyu daga huɗu ga Satumba. Zan zo. Zan tsaya a ƙofar shago in ɗaga shi in yi magana, murya ta fita yadda ta ga dama. Ki gaya wa Afa ya tara mutane.

Ƙanenki mai neman gafara,
Abdul-Rauf

Dabokpa, 31 ga Agusta

Rauf, ƙanena,

Wa alaikumus salam.

Kada ka zo. Ba zan tsayar da kai a gaban mutanen nan ba, ba su cancanci su ji ka ba. Kuma babu abin da za ka ɗaga, na cinye shi duka.

Jiya na kashe ɗaya firizar, na goge, na bar murfin a buɗe. Makulli yana wurin Afa. Ban san ko zan dawo in buɗe ba, kada ka tambaye ni yanzu.

Iddrisu ya ce akwai wuri a gaban mota ranar Alhamis mai zuwa. Zai tsaya a Kumasi in miƙa kayan jariri a ƙofa, ba sai na shiga ba. Ya ce za mu iso Tema Juma'a da hantsi, wurin da ake lodin kifi. Shekarata hamsin da uku ban taɓa ganin teku ba, sai ka kai ni.

An ce wurin akwai cunkoso. Na yi furfura, na kuma rame, zan sa mayafi kore. Ka tsaya inda zan gan ka, tunda ko na kira ba za ka ji ba.

Yayarka,
Mulikatu